Rajistar 'Ya'yanmu A Takardar Tsire: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi Da Shugaban NDPC

Zuwa ga Mai girma Ministan Ilimi na Tarayya,
da Shugaban Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Ƙasa, NDPC,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da aiki, Allah Ya taya ku riƙo.

Ranku ya daɗe, ni malamin firamare ne, bana shekarata 19 da alli a hannu, kuma uban 'ya'ya biyar. Ban taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa a bainar jama'a ba; ko takardar neman ƙarin girma sai da hedimasta ya tsaya a kaina na rubuta. Tsiren naira dubu ɗaya ne ya jawo wannan.

Wani dare bayan isha'i na tsaya wurin mai tsiren bakin layinmu don in yi wa uwargida tsaraba. Ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya zuba albasa, ya naɗe a farar takarda kafin ya sa a leda. Da muka buɗe a gida, mai ya riga ya jiƙa takardar har ana hango tabarma ta cikinta, amma rubutun bai goge ba. Ka san idon malami, ba ya ganin baƙi ya wuce. Shafin rajista ne na wata makarantar kuɗi, bugun kwamfuta, layi-layi: sunan yarinya, ranar haihuwa, sunan uba, sana'arsa, unguwa, lambar waya. Can ƙarshe akwai gurbin lalurar lafiya. A gaban wani suna an rubuta sikila. A gaban wani kuma, farfaɗiya. Na gane iyayen uku daga cikin yaran, ɗaya ma sahu ɗaya muke sallah da shi. Ranar ban iya cin naman ba.

Washegari na koma na tambayi mai tsiren inda ya samo ta. Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin tebur, ɗaure da tsumma, ya ce wani yaro mai baro ne ke kawo masa, a kan sikeli yake saye. "Malam, ni takarda nake saye, ba karatu ba." Gaskiyarsa. Shi ma yaron ba sata ya yi ba. Makarantar ce ta share sito a ƙarshen zango, aka ce wa mai gadi ya kwashe shara, mai gadi ya hango na goro. Babu ɓarawo, babu ɗan kutse, babu wanda ya nufi kowa da sharri. Amma ga ciwon 'yar mutane an naɗe shi da yaji ana kaiwa gida-gida.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce mene ne a ciki. Kalmar farfaɗiya in ta fita daga ɗaki ta shiga bakin unguwa, ba ta dawowa. Shekara goma nan gaba, ranar da dangin saurayi suka fito bincike, wata tsohuwa za ta ja su gefe ta ce ita dai ta taɓa jin wani abu. Uwar yarinyar nan ta faɗa wa makaranta ne don in 'yarta ta faɗi a aji a san abin yi, a san wanda za a kira. Amana ta bayar.

Kada a ɗauka ina adawa da tattara bayanan ɗalibai. Da hannuna na sha cike fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara, har da ƙirga benci da ramin masai. Na san yaron da ba a ƙirga ba, ba a yi masa wurin zama. Da waɗannan alƙaluma UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, da takwarorinta SUBEB na jihohi ke tsara azuzuwa da malamai da littattafai. Da aka fara ciyar da 'yan firamare a 2016, da rajista aka riƙa lissafin kwano, mun kuma ji yadda wasu rajistoci suka kumbura dare ɗaya da yaran da ba a haifa ba. Maganin wannan sai bayani mai inganci. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ba shi da hanyar tura tallafi ga iyayen 'yan mata sai da suna da lambar asusu. Da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, masu zana wa wasu jarrabawa sun ji a jikinsu. Duk na yarda. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ke damuna shi ne mun iya karɓa, riƙon ne ba mu iya ba.

Ku biyo ni mu bi sawun bayanan yaro ɗaya tun ranar da aka kawo shi aji ɗaya. Uba ya cike fom, ko malami ya cike masa ya dangwala. Babu wanda ya ce masa ga inda takardar za ta je, ga wanda zai gani, ga ranar da za a lalata ta. Daga nan sai baƙi. A 'yan shekarun nan da wuya zango ya wuce ba mu yi baƙi ba: samari biyu ko uku da riga mai tambari da ƙatuwar waya a hannu, su ce daga ofis aka turo su. Wane ofis? Ofis dai. Hedimasta ba ya tambaya, don mai tambaya shi ake kira mai taurin kai, kuma yana gudun a ce shi ya toshe wa makarantarsa tallafi. A jera yara a rana, a ɗauki hoton kowa, a kwafe rajista, su hau mota. Wani lokaci tallafin ya zo. Sau da yawa kuma shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. In kakar zaɓe ta kawo kai, sai gidauniyar wani ɗan takara ta aiko a ba ta jerin marayu da lambobin iyayensu mata. A bayar. Wa ya isa ya ce a'a, alhali kowa ya san wanda ke sa hannu a takardar canjin wurin aiki?

A makarantun kuɗi kuma masu manhaja ne ke yawo. Su ce wa mai makaranta za su buɗe masa shafin duba sakamako, zangon farko kyauta. Ya ga ci gaba, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ya miƙa sunaye da hotuna da lambobin iyaye na makaranta kakaf. Ka tambaye shi inda ake ajiye su, a Legas ne ko a wata ƙasa, zai ce maka a intanet. Baɗi in sun yi rigima kan kuɗi ya koma wa wani kamfanin, na farko ya tafi da komai a aljihu.

Sakandare sai mai kafe, wato mai shagon kwamfuta da intanet. Makarantu da yawa ba su da kwamfuta ko wanda ya iya ta, sai su ba wani matashi kwangilar rajistar WAEC da NECO. Na taɓa zama kusa da irin wannan kwamfuta ina jiran a buga min takarda. A fuskarta jakunkuna ne jere, kowace da sunan makaranta, ciki hotunan fasfo da takardun NIN na ɗalibai, na bana da na bara da na bara waccan. Babu lambar sirri. Da ita yaran shagon ke kallon fim in babu aiki. In ta lalace kasuwa za a kai ta gyara, in ta tsufa a sayar da ita yadda take.

Ba zan wanke kaina ba. Daren da na ga takardar tsiren nan na buɗe wayata na duba. Hotunan ɗalibaina sun fi ɗari biyu, da takardun haihuwa, da shafukan rajista da na ɗauka don an ce a turo cikin gaggawa ta WhatsApp kafin la'asar. Wasu yaran sun gama firamare shekara huɗu da suka wuce. Wayar nan ita autana ke ɗauka yana wasa, ita na bar wa mai caji rabin yini ranar da aka ɗauke wuta. Ni da mai gadin can, bambancinmu kawai ni ban sayar ba.

Sai kuma zaurukan iyaye na WhatsApp, inda akawun makaranta zai wayi gari ya liƙa jerin waɗanda ake bi kuɗin makaranta, suna da aji da adadin bashi, mutum sama da ɗari na kallo. Na san yarinyar da ta yi mako guda ba ta je aji ba saboda ƙawayenta sun ga sunanta a wayar iyayensu. Babanta ne ake bi bashi, ita aka yi wa tallar. Waɗanda suka yi fice kuma a buga hotunansu da cikakken suna a ƙaton allo a bakin ƙofa, a ɗora a Facebook don jawo kasuwa, ba a tambayi uwa ko uba ba.

Yallaɓai shugaban NDPC, doka ba ta bar wannan fili haka ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da na wasiƙunsa. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai wadda ta kafa hukumarku, bayan ƙa'idojin da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ta fitar a 2019. Na nemo ta na karanta, da ƙamus a gefe. Ta ce kada a karɓi fiye da abin da ake bukata, kada a juya shi zuwa wani amfani daban da wanda aka karɓa dominsa, kada a ajiye shi bayan bukata ta wuce. Ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila da tambarin yatsa, ta ce waɗannan sai an ƙara taka tsantsan. Ta ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumarku cikin awa 72. Sashe na 31 kuma ya ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mariƙinsa.

Amma a cikin sashen nan na 31 akwai wata ƙofa da aka bari: ba sai an nemi yardar iyaye ba idan don ilimi ne ko lafiya ko kula da walwala, muddin aikin yana hannun ƙwararre wanda riƙon sirri ya hau kansa. Da na kai nan sai na ajiye takardar na yi shiru, don na gane wanda ake nufi. Ni ne. Doka ta ɗauke wa iyaye haƙƙin a tambaye su bisa zaton cewa malami ya san nauyin da ke kansa. To a kwalejin horar da malamai ba a koya min ba. Na halarci bita kan koyar da karatu, da bita kan wanke hannu, da bita kan shuka itatuwa a makaranta, ban taɓa zama wadda aka ce ga yadda ake riƙon bayanan yaro ba. Ƙofar nan kuma ta ilimi ce. Ba ta kai ga gidauniyar ɗan takara ba, ba ta kai ga allon talla ba, ba ta kai ga zauren WhatsApp ba. Wane hedimasta ne ya san haka? Wanne ya taɓa jin zancen awa 72?

A 2024 hukumarku ta sa makarantun firamare da sakandare cikin waɗanda ya kamata su yi rajista da ita. A shekarar kuma kuka ci wani babban banki tarar sama da naira miliyan 555. Madalla. Ni ban zo neman ku ci makarantu tara ba, yawancinsu alli ma gagararsu yake. Amma ku duba: mai ajiya a banki baligi ne, in ya ji haushi ya rufe asusu ya koma wani bankin, in yana da hali ya ɗauki lauya. Ɗan shekara bakwai ba shi da ko ɗaya. Doka ce ta wajabta a kai shi makaranta tun dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, bayanansa kuma ba shi ya bayar ba, kuma shi zai rayu da su shekara sittin.

Mai girma Minista, ma'aikatarku ta daɗe da burin haɗa bayanan ɗaliban ƙasar nan a rumbu ɗaya na kwamfuta, yadda za a bi yaro daga aji ɗaya har ya gama. Na ga amfaninsa. Yarinyar da ta ɓace tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare, a yanzu babu wanda ke lura. Da rumbun za a san ta ɓace. Sai dai takardar tsire shafi ɗaya ce, ta tona asirin yara ashirin da 'yan kai. Rumbu in ya tsiyaya, na miliyoyi ne, kuma ba a bin sa a tattaro. Mun ga misali a gida. A Maris na 2024 'yan jaridar FIJ, wata kafar binciken ƙwaƙwaf, suka bankaɗo wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN. A Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa da naira 100 ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, a wani shafin daban. NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, ta ce ba a fasa rumbunta ba. To in ba a ɓalle ƙofa ba, kaya kuma suka fita, ai sai a dubi masu makulli. In na minista naira ɗari ne, nawa ne na ɗan mai faci?

Ingila ta riga mu wannan hanya, kuma abin da ya same ta ya isa darasi. Tun 2002 suke da rumbun bayanan ɗalibai na ƙasa, ya tara sama da mutum miliyan 20. An kafa shi don ilimi. A 2016 sai ya fito fili cewa tun 2015 ma'aikatar iliminsu ta ƙulla yarjejeniya da ma'aikatar cikin gida, tana iya duba mata bayanan yara har 1,500 a wata don a gano inda iyayen da ba su da takardar zama suke. A 2016 ɗin ne kuma aka umarci makarantu su riƙa tambayar ƙasar haihuwar yaro da ƙasar da yake ɗauke da fasfonta. Iyaye da malamai suka yi bore, da yawa suka ƙi amsawa, har gwamnati ta janye tambayar a 2018. A 2020 hukumar kare bayanai ta ƙasar, ICO, takwarar NDPC ke nan, ta binciki ma'aikatar ta ba ta gyare-gyare 139. A Nuwamban 2022 ta sake tsawatar mata saboda wani rumbun daban mai bayanan yara da matasa har miliyan 28: wani kamfani mai suna Trustopia ya samu damar shiga daga Satumban 2018 zuwa Janairun 2020, ya riƙa amfani da shi wajen tantance wa kamfanonin caca shekarun masu buɗe asusu. Hukumar ta ce da ba gwamnati ba ce da tarar ta haura fam miliyan 10. Ku lura, babu ɗan kutse ko ɗaya a duk labarin nan. Sa hannu ne, da izini, da sakaci. Ƙasar da ke da wuta dare da rana da ma'aikata masu horo ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuma namu haɗarin ya wuce caca. Ni ɗan yankin da aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara ne a 2020, da Jangebe da Tegina a 2021, da Kuriga a 2024. Ban ce rajista ce ta jawo ko ɗaya ba. Amma duk wanda ke zaune a nan ya san kalmar infoma, ya san da ɗan gari akan ci gari. Ku sake duba gurabun shafin nan: sana'ar uba, unguwa, lambar waya. Ɗan kasuwa. Ma'aikacin banki. Dillalin shanu. Aikin da infoma zai yi wata guda yana sunsune, makaranta ta gama masa shi a layi ɗaya, da bugun kwamfuta. Ƙananan 'yan damfara ma sun riga sun gano. Matar wani maƙwabcina an kira ta da hantsi: ke ce maman wance 'yar aji uku? Ta faɗo daga bene, muna asibiti, ana neman jini, turo dubu arba'in yanzu. Mai kiran ya san sunan yarinyar, ya san ajinta, ya san sunan malamarta. Sai da ta tura rabi sannan hankalinta ya dawo ta kira makaranta. Yarinya na aji tana kwafar rubutu.

Ina kuma tuna almajirai. A 2023 an kafa hukuma ta ƙasa dominsu da sauran yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma ba za ta yi aiki ba sai ta san su waye, ina suke. Yaro ɗan shekara tara, iyayensa na wata jiha, wa zai yarje a ɗauki hotonsa da tambarin yatsansa? Alaramma? Mutanen nan ba su manta 2020 ba, lokacin korona, da gwamnoni suka riƙa lodin almajirai a mota ana mayar da su jihohinsu. Ranar da alaramma ya zargi cewa jerin da aka rubuta don abinci shi ne za a ɗauko don kora, zai ɓoye yaran ko ya ba da sunan ƙarya. Mun ga abin da zargi ya yi wa rigakafin shan inna a Kano a 2003. Shekaru aka yi ana biyan bashin.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba: kuskure. Yaranmu da yawa a gida aka haife su, babu takardar haihuwa. Da can sai a ce yaro ya ɗora hannu ta kansa ya taɓo kunne, in ya taɓo ya isa shiga makaranta. Yanzu malami ke duban tsayinsa ya ƙiyasta, shi ya sa rabin aji duk 1 ga Janairu aka haife su. Suna kuma, a fom ɗaya Muhammadu, a wani Mohammed, a wani a taƙaita. Nan sunan uba a ƙarshe, can sunan gari. Ba a jin zafin abin sai ranar da ya tura NIN ɗinsa zuwa 55019 don rajistar JAMB, bayanin da ya fito ya saɓa wa na takardar sakandare. Sai rantsuwar kotu, sai layi, sai kuɗin gyaran ranar haihuwa da ya daɗe a naira 15,000 kafin a 2025 ya haura 28,000. Kuskuren minti ɗaya na wani malami, buhun masarar uba ya tafi. Doka ta ba mutum damar ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara. Amma uba ya je makaranta ya ce a nuna masa fayil ɗin ɗansa, za a ce masa ba a ba iyaye. Mai riga da tambari ya gani, mai kafe ya gani, mai tsire ya gani, uban yaro ne kaɗai aka hana.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar bashin Bankin Duniya. Babba a ciki shi ne a raba ƙidaya da suna. Abuja na bukatar sanin cewa aji huɗu a makarantarmu yara 96 ne da malami ɗaya; ba ta bukatar lambar wayar babansu, balle ciwon da ke jikinsu. Bayanin lafiya ya tsaya tsakanin uwa da malamin aji da hedimasta, a aljihun tebur mai kwaɗo. In dole sai suna ya hau sama, kamar na jarrabawa ko na tallafi, a faɗi dalili, a faɗi ranar gogewa.

Kowace makaranta a ƙasar nan tana da littafin baƙi. A ƙara masa shafi: duk mai son bayanan ɗalibai ya nuna takarda mai sunan hukumarsa da abin da zai yi da su, ya rubuta sunansa ya sa hannu. Amma wannan ba zai yi aiki ba sai kun ba hedimasta takardar umarni, mai hatimi, wadda zai ɗaga ya ce ba ni na hana ba, daga sama aka hana. Ba ku san yadda takarda ɗaya irin wannan ke ƙarfafa wa ƙaramin ma'aikaci gwiwa ba. Rumbun ƙasa ma haka: duk shekara a wallafa jerin hukumomi da kamfanonin da aka ba makulli, kowa ya gani. Mai kafe da mai manhaja a yi musu yarjejeniya ta shafi ɗaya wadda ma'aikata ta tsara, da sharaɗin gogewa bayan an gama aiki. Tsofaffin takardu kuwa, ashana ce kawai.

Iyaye kuma a yi musu magana da harshen da suke ji. Shafi ɗaya da Hausa, da boko da ajami, da Kanuri da Fulfulde da sauran harsuna inda ake bukata, a karanta shi da baki ranar taron iyaye da malamai, a maimaita a rediyo: ga abin da muke karɓa, ga wanda muke ba, ga abin da kana iya cewa ba ka yarda ba kuma ba za a kori ɗanka ba, ga lambar da za ka kira in an ci amanarka. Wanda zai ɗaga wayar ya zama yana jin Hausa. Mu malamai a ba mu darasi ko na awa biyu ne, a kwaleji da kuma wurin bita. Tunda doka ta kira mu masu riƙon sirri, a faɗa mana.

Ƙunshin nan na ƙarƙashin tebur na saye shi naira 700, mai tsire yana min dariya. Na ƙone shi a bayan gida bayan la'asar, na kuma zauna na goge abin da ke wayata. Shafi ɗaya na rage, na kai wa mai makarantar har ofis. Mutumin kirki ne, bai musa ba. Ya karanta, ya yi salati, ya aika a kira mai gadi. Mai gadi ya durƙusa ya ce wannan baro na uku ne. Biyun farko an kai su kasuwa tun makon jiya, bai san hannun wa suka faɗa ba.

Ina sauraron amsarku, in so samu ne a rediyo, da Hausa, don iyayen yaran da ke cikin baro biyun nan su ji.

Wassalam.

Naku,
Malamin firamare, uban 'ya'ya biyar.